Jenonin gina ido da aikinsu cikin retin ɗan tsako, daga kwanci zuwa bayan ƙyanƙyasa

0. Gabatarwa

Kaza tana kwanci kwana 21. Ɗan tsakon da ya fasa ƙwai, da zarar ya bushe ya miƙe, yana ganin tsaba a ƙasa, yana auna ta da baki ya caka. Ɗan ɓera kuwa sai ya yi kusan sati 2 da haihuwa kafin idonsa ya buɗe. Ke nan babban aikin gina idon kaza cikin duhun ƙwai ake yin sa, a kuma kai shi ga amfani cikin sati 3.

Makasudin wannan takarda shi ne mu bayyana abin da masana ilimin halitta suka gano game da jenonin da ke jagorancin wannan aiki cikin retin, watau tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido, wanda ke karɓar haske ya mai da shi saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Tambaya ɗaya ce za mu bi tun daga farko: jenonin da suke kafa ido a kwanakin farko, ina suke shiga bayan an kafa shi? Tambayar ba ta ƙwaƙwa ba ce kawai. Ƙwayoyin retin na mutum in sun mutu ba su dawowa, amma ɗan tsako yana iya maido wani abu kaɗan daga abin da ya rasa, kuma jenonin nan ne yake sake tadawa don yin haka.

Sai mu daidaita kalmomi tukuna. Abin da Faransanci ke kira cellule mun kira shi ƙwaya. Gène kuwa mun bar shi jen, jam'insa jenoni, bisa tsarin tebur da teburori, domin kalmar "ƙwayar halitta" da ake ji a rediyo tana haɗa abubuwan biyu wuri guda, a nan kuwa dole a raba su. Jen wani yanki ne na ADN. Idan ƙwaya tana karanta shi tana yin furotin da shi, sai mu ce yana kunne. In ba ta karanta shi, yana kashe. Dukan ƙwayoyin jiki jenoni iri ɗaya gare su, bambancinsu yana ga waɗanda ke kunne. Yawancin jenonin da za mu ambata furotin ɗinsu ba ya gina komi da kansa: yana zama bisa ADN ne ya kunna wasu jenoni ko ya kashe su. Irin wannan furotin mun kira shi makunni. K4 na nufin kwana na 4 na kwanci, K14 kwana na 14, da sauransu.

1. Me ya sa kaza

Ƙwai yana da arha, ana samun sa ko da yaushe, kuma ana iya huda ɗan taga a ɓawonsa, a taɓa ɗan tayin, a liƙe, a mai da shi injin ƙyanƙyasa ya ci gaba da girma. A 1951 Viktor Hamburger da Howard Hamilton suka rarraba girman ɗan tayin kaza mataki 46, kuma har yau da wannan ma'auni ake aiki, saboda haka mai bincike a Lille da na Kyoto suna iya tabbata cewa ɗan tayi mai mataki ɗaya suke magana a kai. Idon ma babba ne ƙwarai in an gwada shi da jikin. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka samu dabarar cusa jen cikin ƙwayoyin ɗan tayi da ɗan bugun lantarki, yana cikin ƙwansa, a 2004 kuma aka fitar da jerin ADN na kaza. Akwai wani dalili da ya fi waɗannan. Ɓera dabbar dare ce, retin ɗinsa kusan duk ƙwayoyin ganin duhu ne. Kaza kuwa da rana take harkarta, tana rarrabe launi, tana kuma da wuri na musamman a tsakiyar retin don gani mai kaifi. Ta waɗannan fuskoki ta fi ɓera kama da mu.

2. Filin ido da labarin Pax6

Kafin a ga alamar ido, akwai wani yanki guda a gaban farantin da zai zama ƙwaƙwalwa inda wasu makunnai ke kunne tare: Pax6, Rx, Six3, Six6, Lhx2 da wasu. Shi ake kira filin ido. Michael Zuber da abokan aikinsa sun nuna a 2003, a kan kwaɗo, cewa waɗannan makunnai suna kunna juna, suna riƙe juna. Filin guda ɗaya ne da farko. Wani saƙo mai suna Shh, da ke fitowa daga ƙwayoyin da ke ƙarƙashin tsakiyarsa, shi ke kashe tsakiyar ya raba shi biyu. Ɓerayen da aka cire wa Shh a 1996 sun fito da ido guda a tsakiyar fuska. A kaza, wajen awa 33 zuwa 38 na kwanci ake ganin jaka biyu sun kumburo daga gefen ƙwaƙwalwa, dama da hagu.

Cikin waɗannan makunnai Pax6 ya fi suna. Tun 1915 Mildred Hoge ta bayyana wani ƙudan ƴaƴan itace da ake haifa da ƙaramin ido ko babu ido sam, aka sa wa jen ɗin suna eyeless, watau maras ido. A 1991 aka gano cewa ɓeraye masu ƙaramin ido, da mutanen da ake haifa ba su da zoben baƙin ido, cutar da ake kira aniridi, duk lahanin Pax6 ne ke damunsu. A shekara mai bi, ƙungiyar Simon Saule a Lille ta ware jen ɗin daga retin salwa, ta sa masa suna Pax-QNR. A 1994 ɗakin binciken Walter Gehring a Bal, ƙasar Suwis, ya nuna cewa eyeless na ƙuda da Pax6 jen ɗaya ne, a 1995 kuma suka kunna shi da gangan a wuraren da ba nasa ba, sai idanu suka tsiro wa ƙuda a fiffike da ƙafa da ƙahon ji. Da suka sa Pax6 na ɓera cikin ƙuda, nan ma ido ya fito, amma idon ƙuda ne, ba na ɓera ba.

Daga nan ne Gehring ya ɗauki Pax6 a matsayin shugaban jenonin ido. A ganinmu wannan suna ya zarce. Pax6 yana kunne a hanci, da wasu sassan ƙwaƙwalwa, da lakar baya, har da ƙwayoyin da ke yin insulin, kuma ba a ga ido a ko ɗaya daga cikinsu ba. Ɓeran da ba shi da Pax6 ko kaɗan yana fara fitar da jakar ido kafin aikin ya tsaya, alhali wanda ba shi da Rx ko jakar ba ya yi. Mai nazarin harshe ya san irin wannan matsala. Ɗauki "da" cikin "Audu da Ali", da cikin "yaron da ya zo", da cikin "da ya zo sai muka tashi": siga ɗaya ce, aikinta kuwa sai an duba maƙwabtanta. Haka makunni yake. Abin da Pax6 ke yi ya danganta ga waɗanda ke kunne tare da shi, da lokacin, da kuma yawansa. Maganar yawa ba ƙarama ba ce: mai aniridi yana da kwafi ɗaya lafiyayye, rabin kason ne bai isa ba, kuma an ga ɓerayen da aka ƙara wa kwafi fiye da kima su ma idonsu ya lalace.

3. Rabuwar farko: retin ko baƙin tantani

Wajen awa 50 zuwa 55 jakar ido tana lotsawa ciki ta zama kamar ƙoƙo mai bango biyu. Bangon ciki shi zai zama retin. Na waje zai zama baƙin tantani, layi ɗaya na ƙwayoyi masu baƙin launi da ke ciyar da masu karɓar haske, yana kuma shanye hasken da ya wuce. Asalinsu ɗaya, kuma da farko duka biyun suna da Pax6. Abin da ya raba su makunnai biyu ne da ba su zama wuri ɗaya: Chx10, wanda yanzu ake kira Vsx2, a bangon ciki, da Mitf a bangon waje. Vsx2 yana danne Mitf. Saƙon FGF kuwa yana tura ƙwayoyi zuwa ɓangaren retin.

Wannan rabuwa ba ta kafu nan take ba, kuma a tsuntsu aka fi ganin haka. A 1965 Alfred da Jane Coulombre suka cire retin ɗan tayi a K4 suka bar ɗan guntunsa cikin idon, sai baƙin tantani ya zubar da launinsa, ya hayayyafa, ya yi sabon retin mai cikakkun layuka, sai dai a juye, masu karɓar haske suna duban ciki. A 1989 Park da Hollenberg suka nuna cewa FGF kaɗai ya isa, ba sai da guntun retin ba. A salwa kuma akwai wani iri mai farin gashi wanda Mitf ɗinsa ke da lahani. Makoto Mochii da abokansa sun nuna a 1998 cewa wani sashe na baƙin tantaninsa yana rikiɗa ya zama retin na biyu da kansa. Amma a kaza ƙofar tana rufewa wajen K5. Bayan haka ko an zuba FGF baƙin tantani ba ya juyawa.

4. Haihuwar ƙwayoyi, da yadda Pax6 ke ja da baya

Cikakken retin yana da manyan iri 6 na ƙwayoyin jijiya da iri ɗaya na masu tallafi. Masu karɓar haske iri biyu ne, sanduna don duhu da mazurarai don rana da launi. Masu kai biyu suna karɓar saƙo daga gare su su miƙa ciki. Ƙwayoyin kwance da na amakirin suna gyara saƙon ta gefe. Ƙwayoyin gangiliyon su ne ƴan aike, zarensu ne ke haɗuwa ya zama jijiyar gani. Na bakwai su ne ƙwayoyin Müller, masu tallafi, da ke tsaye daga wannan fuska ta retin zuwa waccan.

Dukansu daga iyaye iri ɗaya suke fitowa. David Turner da Constance Cepko sun nuna haka a 1987 a kan gafiyar ɗakin bincike: sun yi wa uwar ƙwaya ɗaya alama da wata ƙwayar cuta, suka tarar da ɗiyanta sun haɗa da iri dabam-dabam. An maimaita wannan a kaza a 1994. Haihuwar kuma tana da jeri. Gangiliyon ne na fari, daga wajen ƙarshen K2 zuwa K3. Ƙwayoyin kwance da mazurarai da amakirin suna biye. Masu kai biyu suna cikin na baya, tare da Müller. Jerin ba tsattsaura ba ne, wani yana shiga lokacin wani. Aikin yana farawa daga tsakiyar retin ya bazu zuwa gefe kamar ruwan da aka zuba a faranti, kuma zuwa wajen K12 yawancinsa ya ƙare.

Me ke hana iyayen duka su zama gangiliyon a rana ɗaya, tun da shi ne na fari? Ƙwayar da ta fara zama jijiya tana fitar da furotin Delta a fatarta, shi kuma yana taɓa Notch na maƙwabtanta ya hana su bin ta. Domingos Henrique da abokansa sun gwada wannan a retin kaza a 1997. Da suka tilasta wa ƙwayoyi duka su riƙe Delta a kunne, ba wadda ta zama jijiya, duk suka tsaya iyaye. Da suka toshe saƙon, sai duk suka zama jijiya tun lokaci bai yi ba, iyaye suka ƙare, ba a bar masu haifar iri na baya ba.

Yanzu mu koma ga tambayarmu. A lokacin hayayyafa, iyayen ƙwayoyi duka suna riƙe da Pax6 da Vsx2 tare. A 1997 Teri Belecky-Adams da abokanta, a ɗakin binciken Ruben Adler na Baltimore, suka bi waɗannan jenoni cikin retin kaza kwana bayan kwana. Abin da suka gani shi ne rabon gado. Da layuka suka fara bayyana, Pax6 ya tsaya da ƙarfi a gangiliyon da amakirin, ya ɓace daga masu karɓar haske. Vsx2 ya tattara a masu kai biyu. Ƙwayoyin kwance suka haɗa Pax6 da wani makunni, Prox1. Jenonin da dā suke tare suna cewa "nan retin ne" sun rabu, kowanne ya zama alamar wani iri.

Cewa Pax6 yana kunne a wuri bai nuna abin da yake yi ba. Amsar ta zo daga ɓera a 2001, lokacin da Till Marquardt da abokansa suka kashe Pax6 cikin iyayen ƙwayoyin retin bayan an riga an kafa idon. Iyayen sun ci gaba da rayuwa, amma amakirin kawai suka iya haifa. Dalili kuwa, Pax6 ne ke buɗe hanya ga wasu makunnai na mataki na gaba, kamar Atoh7, wanda in babu shi mafi yawan gangiliyon ba su samuwa, jijiyar gani ma ba ta fita. A kaza, masu bincike na jami'ar Janeba sun bi Atoh7 filla-filla suka nuna yadda yake tashi gab da haihuwar gangiliyon. Ke nan Pax6 ya yi aiki uku a jere cikin nama ɗaya: ya shiga kafa filin ido, ya riƙe wa iyaye ikon haifar iri da yawa, sa'an nan ya zauna cikin wasu ƙwayoyin da suka gama girma har ƙarshen rayuwar tsuntsun.

Wani abin lura game da ƙwayoyin kwance: Per-Henrik Edqvist da Finn Hallböök na Upsala sun nuna a 2004 cewa ba kai tsaye suke zuwa mazauninsu ba. Sai sun ratsa kaurin retin har kusa da layin gangiliyon, sa'an nan su juyo su koma kusa da masu karɓar haske.

5. Taswira

Retin ba tarin ƙwayoyi ba ne kawai, taswira ce. Kowace gangiliyon dole zarenta ya sauka a daidai wurinsa cikin tektum, sashen ƙwaƙwalwar tsuntsu da ke karɓar gani, in ba haka ba hoton ya wargaje. A kaza zaren idon dama duka yana ƙetarawa zuwa hagu, na hagu zuwa dama. Roger Sperry ya kawo ra'ayi a 1963 cewa ƙwayoyin suna ɗauke da wata alama ta sinadari da ke nuna musu masauki. An shekara fiye da 30 kafin a kama alamar, kuma a kaza aka kama ta. A 1995 ƙungiyar Friedrich Bonhoeffer a Tubingen da ta John Flanagan a Harvard suka ware furotin biyu, waɗanda yanzu ake kira efirin A5 da A2, masu yawa a bayan tektum, suna raguwa zuwa gaba. Gangiliyon na ɓangaren kunne suna da mai karɓar wannan saƙo, EphA3, da yawa, saboda haka bayan tektum yana korar su su tsaya a gaba. Na ɓangaren baki ba su jin korar sosai, sai su wuce baya.

To, wa ya gaya wa ƙwaya ɓangaren da take? Makunnai ne kuma, tun kafin a haifi gangiliyon ko ɗaya. FoxG1 yana ɓangaren baki, FoxD1 yana ɓangaren kunne. Ƙungiyar Masaharu Noda a Japan ta nuna a 1996 cewa in aka musanya musu wuri, zaren yana ɓata hanya. Tbx5 yana sama, Vax yana ƙasa, kuma gwaje-gwajen 1999 da 2000 sun nuna haka nan.

6. Balagar masu karɓar haske

A nan ne tsuntsu ya fi ba da mamaki, don haka za mu ɗan daɗe. Mutum yana da mazurarai iri 3. Kaza tana da guda 4 masu zaman kansu, na ja da na tsanwa da na shuɗi da na shunayya, ga kuma mazurarai tagwaye da ake ganin aikinsu gane motsi da haske ne, ga sanduna. Furotin da ke kama haske cikin kowanne, opsin, an auna inda ya fi ji: wajen nanomita 571 ga ja, 508 ga tsanwa, 455 ga shuɗi, 415 ga shunayya. Na jan shi ne iyodopsin da George Wald ya samo a idon kaza tun 1937, opsin na mazurari na farko da aka taɓa ganowa. Cikin mazurarai, tagwaye sun kai kusan 4 cikin 10, na shunayya su ne mafi ƙaranci. Mazurarai sun rinjayi sanduna, kuma wannan yana cikin dalilan da kaji ke neman wurin kwana tun magariba ba ta yi duhu ba.

Hanyar zama mai karɓar haske tana farawa da Otx2, wanda ke kunna Crx, shi kuma Crx daga baya ya shiga kunna opsin. Mark Emerson da abokansa sun nuna a 2013 cewa iyayen da suka haɗa Otx2 da Onecut1 mazurarai da ƙwayoyin kwance suke haifa, ba sanduna ba. A dabbobi masu shayarwa makunnin da ke yanke cewa ƙwaya ta zama sanda shi ne Nrl. Ba a same shi cikin ADN na kaza ba; wani danginsa, MafA, shi aka gani cikin sandunanta, shi ne kuma ake ɗauka ya riƙe wannan aiki. Wannan gargaɗi ne ga mai son ɗaukar sakamakon kaza ya ɗora wa mutum kai tsaye.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne jinkiri. Ana haifar mazurarai tun cikin satin farko na kwanci, amma opsin ɗinsu ba ya kunnuwa sai bayan kusan wani sati. Suzanne Bruhn da Cepko sun ba da jerin a 1996: ja da tsanwa a K14, na sanduna a K15, shuɗi da shunayya a K16. Ƙwayar ta san ita mazurari ce tun da wuri, kayan aikinta ne ba ta ɗauka sai ƙyanƙyasa ta matso. Cikin wannan sati na ƙarshe ne kuma sassan waje masu kama haske suke tsawo, mahaɗan jijiyoyi suke ƙulluwa, ɗigon man da ke cikin mazurarai ya fara ɗaukar launi. Wannan ɗigo matacin haske ne, ja ko rawaya ko garau, launinsa daga karotin na gwaiduwa da na abinci yake zuwa. A 2016 aka gano jen CYP2J19, wanda ke mai da karotin rawaya ja. Shi ne ke rina ɗigon jan mazurari, shi ne kuma wasu tsuntsaye ke rina gashinsu ko bakinsu da shi.

Bruhn da Cepko sun kuma lura da wani ɗan fili a tsakiyar retin inda babu sanda ko ɗaya. Nan ne wurin gani mai kaifi. Kaza ba ta da ramin da ke tsakiyar retin mutum ko na shaho, amma rashin sanduna a wurin iri ɗaya ne da namu. A 2017 Susana da Silva da Cepko suka bayyana yadda ake shata shi. Asid retinoyik, wanda jiki ke yi daga bitamin A, yana da yawa a sama da ƙasan retin. A daidai wannan fili kuwa jenoni biyu, Cyp26a1 da Cyp26c1, suna rusa shi, kuma inda ya ragu ne Fgf8 ke kunnuwa. Da suka ƙara asid ɗin, Fgf8 ya mutu, sanduna suka cika filin. Bitamin A ɗin da rashinsa ke kawo dundumi, domin da shi opsin ke kama haske, shi ne a wata siga yake shata taswirar idon tun cikin ƙwai. A nan kuma rashinsa a wuri ɗaya ne ake bukata.

Adadin iri 7 da muka bayar a sama ma na manyan rukunai ne. A 2021 Masahito Yamagata, Wenjun Yan da Joshua Sanes suka karanta jenonin da ke kunne cikin ƙwayoyi kusan 40.000, ɗaya bayan ɗaya, daga retin K12 da K16 da K18, suka ƙirga iri 136, amakirin ne suka fi yawan rassa.

7. Bayan ƙyanƙyasa

An daɗe ana ɗauka cewa da ɗan tsako ya fito, haihuwar ƙwayoyin retin ta ƙare. A 2000 Andy Fischer da Thomas Reh, a Siyatil, suka nuna cewa a can bakin retin akwai ɗan siririn zobe na ƙwayoyin da ke ci gaba da rabuwa, kuma suna riƙe da Pax6 da Vsx2 tare, haɗin nan na iyayen cikin ƙwai. Kifi da kwaɗo suna da irin wannan zobe, nasu ya fi ƙarfi nesa.

A 2001 suka ƙara wani gwaji. Sun yi wa ƴan tsaki allurar wani sinadari, NMDA, da ke kashe ƙwayoyin cikin retin. Cikin kwana 2 ƙwayoyin Müller, waɗanda aka sani da tallafi kawai, suka koma rabuwa, suka kunna Pax6 da Vsx2 da Ascl1. Watau sun koma rabin hanya zuwa matsayin iyaye. Sai dai yawancin ɗiyansu a nan suka maƙale, kaɗan ƙwarai suka zama jijiya, masu kama da amakirin ko masu kai biyu. Ba a maido da gani ba. A wani ƙaramin kifi mai zane da ake bincike da shi, Müller suna kammala tafiyar su maye duk abin da ya mutu. A ɓera ko farawa ba su yi da kansu. Kaza tana tsakiya, shi ya sa take da amfani: tana nuna inda tafiyar ke tsayawa. A 2017 ɗakin binciken Reh ya tilasta wa Müller na babban ɓera kunna Ascl1, tare da wani magani da ke sassauta naɗin ADN, aka samu sababbin jijiyoyi da ke amsa haske. A 2020 Thanh Hoang da abokansa suka gwada kifi da kaza da ɓera gefe da gefe, suka nuna cewa makunnan NFI suna cikin masu mai da Müller na ɓera barci bayan rauni. Duk wannan a dabbobin ɗakin bincike ne, bai zama maganin makantar mutum ba, kuma bai kamata a gabatar da shi haka ga marasa lafiya ba.

Akwai wani jen da ke nuna cewa retin yana sa hannu a girman idon kansa bayan ƙyanƙyasa. Josh Wallman da abokansa sun nuna a 1978 cewa in aka rufe idon ɗan tsako da abin da ke dushe hoto, idon yana tsawo fiye da kima, ya daina ganin nesa. Frank Schaeffel ya nuna a 1988 cewa in aka sa masa tabarau, idon yana gyara girmansa ya dace da tabarau ɗin. A 1999 aka gano cewa cikin wani rukuni na amakirin masu glukagon, jen ZENK yana tashi idan tabarau na bukatar ido ya rage girma, yana sauka idan na bukatar ya ƙara. Fischer da Reh sun kuma lura cewa a idon da aka rufe ya yi tsawo, ƙwayoyin zoben bakin retin suna ƙara rabuwa.